Nazarin Lamari: Remipedia, Makauniyar Kogon Bahamas da Ta Sami Suna Tun Kafin a Gano Danginta

A shekarar 1979 wata masaniyar ilimin halittu 'yar Amurka, Jill Yager, wadda ta haɗa karatun dabbobi da gwanintar nutso cikin kogwannin da ruwa ya cika, tana tafe a ƙarƙashin ruwa a Kogon Lucayan da ke tsibirin Grand Bahama, sai hasken fitilarta ya sauka a kan wata 'yar halitta fara sol, siririya, wadda tsawonta bai kai santimita 3 ba, tana iyo a rigingine. Ba ta da ido ko guda. Jikinta gaɓa-gaɓa ne kamar karan rake, kowace gaɓa tana ɗauke da ƙafafu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, masu faɗi kamar filafilin kwalekwale, suna kaɗawa bi da bi daga wannan ƙarshen jiki zuwa wancan. Duk wanda ya hange ta a cikin ruwa zai iya rantsewa tsutsar teku ce, ko kuwa shanshani ne ya koyi iyo. Shekara biyu bayan haka, a 1981, Yager ta fitar da bayaninta a mujallar Journal of Crustacean Biology, wadda a shekarar ce ma aka fara buga ta. Maƙalar shafi shida ce kacal, amma a cikinta ta raɗa wa halittar suna Speleonectes lucayensis, ta kuma ce babu wani aji daga cikin azuzuwan dangin ƙaguwa da aka sani wanda zai ɗauke ta, don haka ta buɗe mata sabon aji, ta kira shi Remipedia.

Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci a tsaya a kansa shi ne ya raba ayyuka biyu waɗanda a kullum ake cakuɗa su. Akwai siffanta halitta da raɗa mata suna, akwai kuma gano matsayinta a bishiyar zuriya, wato su wane ne danginta na kusa. Aikin farko ya ci shekara biyu, kuma har yau yana nan daram. Na biyun ya ci fiye da shekara talatin, kuma amsar da manyan masana suka fara bayarwa ita ce aka dawo aka kifar.

Gidan da ake batu a kansa, wanda masana ke kira Crustacea, babban gida ne. Ya haɗa ƙaguwa, da jatan lande irin wanda ake kawo mana busasshe a kasuwa ana dakawa a miya, da dubban ƙananan halittun teku waɗanda da yawansu ba su kai ƙwayar gero ba. Nau'o'in da aka riga aka bayyana a gidan sun kai wajen 70,000. Alamomin da ake gane ɗan gidan da su sanannu ne: ƙahonnin ji guda huɗu a ka, alhali ƙwaro irin fara ko kyankyaso biyu gare shi, da ƙafafu masu reshe biyu, da kuma wani mataki na jarirantaka da ake kira naupliyus. Masana suna jera halittu hawa-hawa. Nau'i ne a ƙasa, nau'o'i masu kusanci su taru su zama jinsi, jinsuna su zama iyali, iyalai su zama rukuni, rukunoni su zama aji. Sabon nau'i a gidan ƙaguwa ba labari ba ne, domin ɗaruruwa ake bayyanawa kowace shekara. Sabon aji kuwa abu ne da masani kan ƙare rayuwarsa bai gani ba. Don a gane girman matakin, a tuna cewa dukkan dabbobi masu shayarwa, daga jemage har giwa har ɗan Adam, aji ɗaya ne.

Wurin zaman halittar shi ne ya ɓoye ta tsawon zamani. Tsibiran Bahamas dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake ƙonawa a yi siminti, kuma ruwa yana cin irin wannan dutse a hankali har ya huda shi ya yi ramuka da hanyoyi. A zamanin ƙanƙara na ƙarshe, lokacin da teku ya yi ƙasa da kimanin mita 120, yawancin waɗannan kogwanni a bushe suke. Da ƙanƙarar ta narke teku ya dawo, sai ya cika su ta ƙarƙashi, ta cikin tsagogin dutse. Yanzu ruwa iri biyu ne a cikinsu: ruwan sama mara gishiri, mara nauyi, yana kwance a bisa, ruwan teku kuma yana ƙasa, ba sa gauraya sai a wani siririn tsakani inda mai nutso ke ganin komai ya yi dishi-dishi kamar an tsiyaya mai a ruwa. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Lipke Holthuis, shi ne ya raɗa wa irin waɗannan ruwaye suna a 1973, ya ce ankiyalin, daga kalmar Girkanci mai nufin kusa da teku. Kusan dukkan Remipedia a ƙarƙashin wannan tsakani suke zaune, cikin ruwan gishiri mai duhu wanda iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa, abinci ma haka. Babu tarun da jirgin bincike zai jefa ya kai can. Sai mutum ya goya tukunyar iska, ya ja igiya tun daga bakin kogo don kada ya ɓata, ya raba iskarsa kashi uku, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana, sa'an nan ya kama halittar da hannu, ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yar kwalba. In ya yi kuskure ƙafarsa ta tayar da lakar ƙasan kogo, ruwa ya gurɓace, fitila ba ta da sauran amfani, sai dai lalube a jikin igiya.

Aikin siffantawa kuwa a kan tebur ake yin sa. Ana jefa halittar cikin ruwan sifirit don kada ta ruɓe, a ɗora ta ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, a sa siraran allurai a ciro sassan kai ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗa kowanne a kan gilashi, a zana shi, a ƙirga gaɓoɓinsa da gashin da ke jikinsa. Abin da ake cirowar sau da yawa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, kuma hannu yana rawa kaɗan an yi asarar abin da aka sayar da rai aka ɗauko. A nan ne mai kama da tsutsa ta tona asirin kanta. Kanta yana ƙarƙashin wata garkuwa. Ƙahonninta na ji huɗu ne, na gaba dogaye masu reshe biyu, na bayansu gajeru masu faɗi. Muƙamuƙanta irin na 'yan gidan ƙaguwa ne, kuma ƙafafun iyon nan kowace reshe biyu gare ta. Tsutsar teku ba ta da ƙafa mai gaɓoɓi, shanshani kuma ƙahonsa biyu ne, ƙafarsa reshe ɗaya. Gida ya tabbata ke nan, saura ɗaki.

A wajen ɗakin ne matsala ta taso. Kusan duk 'yan gidan da aka sani jikinsu a rabe yake: akwai ƙirji mai nasa irin ƙafafu, akwai ɓangaren baya mai nasa iri, ko kuma mara ƙafa sam. Wanda ya taɓa duba jatan lande da kyau ya ga haka, ƙafafun tafiya daban, na iyo daban, wutsiya daban. Ita kuwa wannan, daga bayan kai har wutsiya gaɓa ɗaya ce ake ta maimaitawa, ba a gane inda ƙirji ya ƙare, kuma ƙafafun gefe suka nufa maimakon ƙasa. Ga kuma sassan baki guda shida, uku a kowane gefe, manya-manya masu lanƙwasa kamar ƙugiya, waɗanda daga gani an san na cafke abu ne, na gabansu yana ƙarewa da tsini kamar fiƙa. Babu ajin da ya haɗa waɗannan siffofi. Da Yager ta cusa halittar cikin ɗaya daga cikin tsofaffin azuzuwan, da sai an yi ta faɗaɗa ma'anar ajin har ta daina raba komai da komai. A ganina wannan shi ne mataki mafi ƙarfin hali a dukkan lamarin, domin buɗe sabon aji a kan nau'i ɗaya daga kogo ɗaya, daga hannun wadda a lokacin ba ta kai ga digirin digirgir ba, abu ne da in ya fita ba daidai ba zai bi mai shi har ƙarshen aikinsa.

Raɗin suna yana da nasa ƙa'idoji, waɗanda ke cikin kundin dokokin sunayen dabbobi na duniya. Kundin yana fara ƙirga daga 1 ga Janairun 1758, shekarar da Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae. Suna kalma biyu ne da sigar Latin, ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i. Dole a buga shi tare da bayanin abin da ya bambanta halittar da saura. Akan kuma ware jiki guda, a ajiye shi da lambarsa a gidan adana halittu, ya zama shi ne ma'aunin sunan, ta yadda duk wanda ya yi shakka gobe sai ya je ya duba da idonsa. Wannan tsohuwar al'ada ce wadda daga shekarar 2000 ta zama wajibi. In suna biyu suka faɗa kan abu ɗaya, wanda ya riga shi ke da gida. Speleonectes daga Girkanci yake, ma'anarsa mai iyo a kogo, lucayensis kuma yana nuni ga kogon, wanda shi ma ya ci sunan mutanen Lucayan, mazauna tsibiran kafin zuwan Turawan Sifen. Remipedia daga Latin yake, wato masu ƙafar filafili. Wani abin lura shi ne kundin bai cika sa baki a matakan da suka wuce na iyali ba. Sunan aji yardar masana ce ke tsayar da shi, in sun karɓa ya zauna, in sun ƙi ya mutu a takarda.

Abin da ya zaunar da Remipedia shi ne 'yan'uwa da suka yi ta ɓullowa. A 1984 Antonio García-Valdecasas ɗan ƙasar Sifen ya bayyana wata daga tsibirin Lanzarote na Tsibiran Kanari, daura da gaɓar Maroko, ya kira ta Morlockia ondinae. A 1986 Frederick Schram da Yager da Michael Emerson suka bayyana Godzillius robustus daga tsibiran Turks da Caicos, wanda tsawonsa ke wuce santimita 4, kuma saboda girman nan nasa a tsakanin 'yan'uwa aka lakaba masa sunan dodon nan na fina-finan Japan. A 1987 Yager ta ƙara Speleonectes tulumensis daga rijiyoyin dutse na kusa da garin Tulum a yankin Yucatán na Meziko. A 1996 kuma ita da William Humphreys suka bayyana wata daga can Yammacin Ostireliya, suka sa mata exleyi don tunawa da Sheck Exley, shahararren mai nutson kogo da ya rasu a wani rami mai zurfi a Meziko a 1994. Duka tsarin jikinsu ɗaya ne, makafi ne, kuma mata-maza ne, kafar ƙwai tana gaɓa ta bakwai, ta namiji tana ta goma sha huɗu. Yawan gaɓoɓin jiki yakan kai 42 a wasu. A yau nau'o'in da aka bayyana sun kai kimanin 30. Batun ko aji ne ko ba aji ba ya mutu tun a shekarun 1980.

Batun dangantaka ne bai mutu ba, kuma a nan lamarin ya fi kauri. Tun kafin 1981 masana suna ɗauke da wani hoto a ka na kakan dukkan gidan ƙaguwa: doguwar halitta mai gaɓoɓi iri ɗaya, kowace da ƙafa iri ɗaya, wadda daga gare ta ne zuriya ta rarrabu, wasu ƙafafun suka zama almakashin ƙaguwa, wasu suka zama na tafiya, wasu suka ɓace. A 1955 Howard Sanders ya tono wata 'yar halitta mai tsawon milimita 3 daga lakar mashigin Long Island a Amurka, ya kira ta Hutchinsoniella macracantha, ya buɗe mata nata ɓangaren mai suna Cephalocarida, kuma shekaru da dama ita ake nunawa a ce ga mai kama da kaka. Da Remipedia ta zo sai ta fi ta kama da hoton nesa ba kusa ba. Schram, wanda a lokacin yake gidan tarihin halittu na San Diego, ya tsaya a kan cewa Remipedia ce reshen da ya fara ballewa daga gindin bishiyar, wato ita ta fi kowa riƙe siffar asali. Ya ƙarfafa hujjarsa da wani burbushin halitta da ya zama dutse, Tesnusocaris goldichi, wanda aka samo a Teksas cikin duwatsun da suka haura shekara miliyan 300, aka bayyana shi a 1955. Schram ya shigar da burbushin cikin Remipedia a rukuninsa daban, ya kuma tattara masu rai a rukunin da ya kira Nectiopoda. Hujjar tana da kyan gani, ga doguwar halitta mai sauƙin tsari, ga tsohon burbushi, ga kogo mai duhu wanda kamar an rufe shi ne don ya adana abin da duniya ta manta. Ra'ayin ya shiga littattafan koyarwa.

Ɓaraka ta farko daga cikin kai ta fito. A 2004 wasu masana uku a Jamus, Martin Fanenbruck da Steffen Harzsch da Johann Wolfgang Wägele, suka yanyanka ƙwaƙwalwar wani nau'i mai suna Godzilliognomus frondosus sala-sala, suka sake haɗa hotonta. Abin da ake tsammani daga kakan gida shi ne ƙwaƙwalwa mai sauƙi. Abin da suka tarar ƙwaƙwalwa ce mai sarƙaƙiya, mai manyan cibiyoyin jin ƙamshi, wadda tsarinta ya yi kama da na ƙaguwa da jatan lande, ya kuma yi kama da na ƙwari. Girman cibiyar ƙamshi ba abin mamaki ba ne ga makahon da ke farauta a duhu, amma tsarin ginin gaba ɗaya bai dace da halittar da ake cewa tana gindin bishiya ba.

A 2007 aka cike wani giɓi da ya daɗe a buɗe. Shekara ashirin da shida bayan maƙalar Yager, babu wanda ya taɓa bayyana jaririn Remipedia, har sai da Stefan Koenemann na Hannover da abokan aikinsa, cikinsu har da Thomas Iliffe na Teksas, suka ba da bayanin waɗanda aka kamo a kogwannin tsibirin Abaco na Bahamas. Naupliyus ne sak, irin na 'yan gida, sai dai ba sa cin abinci, gwaiduwar da suka fito da ita daga ƙwai ce ke riƙe su. Da yake jaririn bai yi kama da babba ba ko kaɗan, gwajin DNA ne daga baya ya haɗa su da iyayensu, nau'in Pleomothra apletocheles.

Daga nan sai hujjojin ƙwayoyin gado suka biyo baya a jere. A 2009 aka duba sinadarin da ke ɗaukar iska a jininsu, hemosayanin, mai ɗauke da tagulla a inda namu ke ɗauke da ƙarfe, aka ga ya fi kusa da na ƙwari fiye da na sauran 'yan gidan ƙaguwa. A 2010 Jerome Regier da abokan aikinsa suka buga a mujallar Nature sakamakon kwatanta ƙwayoyin gado 62 a cikin nau'o'i 75 na halittu masu ƙafafun gaɓoɓi, kuma bishiyar da ta fito ta ɗora Remipedia da Cephalocarida tare, kafaɗa da kafaɗa da ƙwari. Wato 'yan takarar kakanci biyun nan duka an ciro su daga gindi an kai su can saman reshe. Binciken da Björn von Reumont ya jagoranta a 2012, da wasu da suka biyo baya da bayanai mafi yawa, sun ƙara tace maganar: Remipedia ita kaɗai ce ta fi kusa da ƙwari. Abin da wannan ke nufi yana da nauyi. Ƙwari reshe ne da ya tsiro daga cikin gidan ƙaguwa ya hau tudu, kuma a cikin halittun ruwa da ke raye yau, 'yar'uwa mafi kusa ga fara da ƙuda da sauron da ke hana mu barci ita ce wannan makauniya ta kogon Bahamas.

Ya kamata a tambaya ina aka yi tuntuɓe, tunda abin da Yager ta gani ta zana a 1981 babu wanda ya ƙaryata shi. Gaɓoɓin iri ɗaya ne, kamar yadda ta faɗa. Tuntuɓen yana wajen fassara, inda aka ɗauki sauƙin tsari a matsayin shaidar tsufa. Jiki mai gaɓoɓi iri ɗaya yana iya zama gado daga kaka na nesa, yana kuma iya zama sabon abu da zuriyar ta koma gare shi daga baya, kuma ko da gadon ne, riƙe tsohuwar siffa ɗaya bai nuna inda reshe ya tsiro ba, kamar yadda tsohuwar riga a jikin mutum ba ta nuna shi ne babba a gidansu. An kuma bar gangar jiki ta rinjayi hukunci saboda ita ta fi ɗaukar ido, alhali sassan bakin nan masu ƙugiya da fiƙa, waɗanda tun ranar farko suke gaban kowa, suna nuna halitta ce da ta yi nisa wajen ƙwarewa a farauta. Ba na ganin wannan a matsayin abin zargi ga Schram. Ya yi aiki da shaidar da ke hannu a zamaninsa, kuma sunansa yana cikin marubutan bayanin jariran na 2007 da na babban gyaran da ya zo a 2013.

Wancan gyara na 2013 ya taɓa sunaye ne kai tsaye, kuma a nan ake ganin amfanin ƙa'idojin da aka ambata. Rayuwar kogo tana sa halittu su yi kama da juna: kowa fari, kowa makaho, kowa siriri. Saboda haka bambanta nau'i da nau'i a Remipedia yakan koma ƙirgen 'yan haƙoran da ke bakin ƙugiya da siffar farantan ƙasan ciki. Alamar farko cewa ido kaɗai bai isa ba ta zo ne daga Lanzarote, inda a 2009 Koenemann da abokan aikinsa suka bayyana nau'i na biyu, atlantida, wanda ke zaune a rami ɗaya da ondinae, yana kuma kama da ita ƙwarai, har sai da DNA ya tabbatar da cewa su biyu ne. Shekara huɗu bayan haka Mario Hoenemann da abokan aikinsa suka kwatanta ƙwayoyin gado uku a yawancin nau'o'in da aka sani, sai ta bayyana cewa jinsin Speleonectes ya zama buhun da ake jefa duk abin da ba a san inda za a kai shi ba, kuma da yawan waɗanda ke ciki ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Dole a raba buhun. Sunan Speleonectes ya zauna wa lucayensis, domin ita ce aka gina jinsin a kanta tun farko. 'Yan Lanzarote kuma ba a ƙirƙiro musu sabon suna ba. Sunan Morlockia na 1984, wanda aka soke a 1986 aka haɗe shi da Speleonectes, yana nan a ajiye da haƙƙinsa na rigaye, sai aka tashe shi bayan shekara ashirin da bakwai. Na Yucatán suka sami sabon jinsi, Xibalbanus, daga Xibalba, lahirar ƙarƙashin ƙasa a tsohon addinin mutanen Maya. Ta Ostireliya ta koma Kumonga exleyi, ita kaɗai a jinsinta da iyalinta. Wanda ya buɗe jerin sunaye yau zai ga an rubuta Xibalbanus tulumensis (Yager, 1987), kuma bakan nan biyu da suka kewaye sunanta ba ado ba ne: alama ce ta ƙa'ida da ke cewa ita ta fara bayyana nau'in, amma an sauya masa jinsi daga baya.

A wannan nau'i na Yucatán ne aka warware maganar fiƙar. An daɗe ana zargin tsinin nan allura ce, domin an ga wasu jakunkuna a gaban jiki da bututu da ya taso daga gare su zuwa bakin tsinin, an kuma ga halittar ta rungume ƙananan jatan landen kogo tana ci. A ƙarshen 2013 von Reumont da Ronald Jenner na gidan tarihin halittu na Landan, tare da abokan aikinsu, suka nuna tsokar da ke matse jakar ta tura ruwan waje, suka kuma karanta abin da jakar ke sarrafawa: sinadarai masu narkar da nama, masu narkar da ɓawon jiki, da wani mai shanye jijiya wanda ya yi kama da na dafin gizo-gizo. Kunama da gizo da shanshani da zuma duk an san su da dafi tun fil azal, amma a cikin nau'o'i 70,000 na gidan ƙaguwa wannan ce ta farko da aka tabbatar tana da shi.

Taswirar inda suke ita ma tana da nata ƙulli. Yawancinsu suna yankin Karebiyan, a Bahamas da Turks da Caicos da Kyuba da Jamhuriyar Dominika da Beliz da Meziko, sai biyu a Lanzarote a ɗaya gefen Tekun Atlantika, sai ɗaya tilo a gaɓar Tekun Indiya. Makahon da bai kai ɗan yatsa ba, wanda jaririnsa ba ya cin abinci, ba zai ƙetare teku da iyo ba. Bayanin da aka fi kawowa shi ne kakanninsu sun zauna a gaɓar tsohon tekun Tethys, sa'an nan nahiyoyi suka rabu suka tafi da su. Sai dai ramin Lanzarote, Túnel de la Atlántida, wanda ya shiga ƙarƙashin teku wajen kilomita ɗaya da rabi, narkakken dutsen da ya malalo daga dutse mai aman wuta na La Corona ne ya yi shi, shekaru kimanin 20,000 kacal da suka wuce. Zuriyar ta girmi ramin da miliyoyin shekaru, saboda haka masana da yawa suna ganin ainihin mazauninsu shi ne ƙananan tsagogin da ke cikin dutsen tsibiri, inda mutum ba ya shiga, kogon kuwa ƙofa ce kawai da aka dace mai nutso ya iya wucewa ta cikinta.

Kogon Lucayan yana cikin gandun ƙasa da Bahamas ta kafa a 1982, kuma sai da izini ake nutso a cikinsa. Kumonga exleyi kuwa har yanzu daga rami ɗaya tak aka san ta, ramin Bundera da ke zirin Cape Range, kuma dokar Ostireliya ta sa ta cikin halittun da ke fuskantar barazana. A 1999 Humphreys da abokan aikinsa suka auna abin da nutson bincike kansa ke yi wa ramin, suka ga kumfar iskar da mai nutso ke fitarwa tana tashi ta keta tsakanin nan ta dagula shimfiɗun ruwan da halittar ta dogara da su, kuma ɓarnar tana raguwa sosai in an yi amfani da na'urar numfashi mai mayar da iska, wadda ba ta sakin kumfa.